Shirye-shiryen Rayuwa a Daji: Ina Gaskiya, Ina Wasan Kwaikwayo? Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa zama gaban talabijin yana kallon wani ƙato yana tauna ɗanyar tsutsa a tsakiyar ƙungurmin daji ya san tambayar da ke fara zuwa bakin mutum: wai da gaske ne wannan, ko kuwa shiri ne kawai? Amsar ta danganta da wanda kake kallo, domin shirye-shiryen nan ba uwa ɗaya ta haife su ba. Ga tambayoyin da masu kallo suka fi yi, da amsoshinsu, har da ra'ayina a inda ya kama.

Waɗanne shirye-shirye ake nufi?

Kusan kashi uku ne. Akwai na malami, inda ƙwararre ɗaya ko biyu ke nuna yadda ake kunna wuta, a gina bukka, a nemo ruwa. Man vs. Wild na Bear Grylls, Survivorman na Les Stroud, Dual Survival da shirye-shiryen Ray Mears duk suna nan. Akwai na juriya, inda ake ajiye mutane a daji a ga iya kwanakin da za su ɗauka, kamar Alone da Naked and Afraid. Sai na gasa da ƙulle-ƙulle, inda dajin fage ne kawai, ainihin wasan kuma tsakanin mutane yake, kamar Survivor da Outlast. Yawancin gardamar da ake yi tana tasowa ne daga auna na kashi ɗaya da ma'aunin wani kashin.

Da me zan gane shirin da ya fi kusa da gaskiya?

Tambayi kanka abu ɗaya: wa ke riƙe da kyamara?

In ka ga mutum yana saukowa daga kan dutse, ana nuna shi ta sama, ta ƙasa, ta gefe, har da hoton tafin ƙafarsa yana neman wurin takawa, to akwai mutane da yawa a wurin, kuma mai yiwuwa ba sau ɗaya ya sauko ba. Inda kuwa akwai ayarin ma'aikata, akwai abinci, akwai ruwa, akwai magani, akwai mota ko jirgi a kusa. Ko ba su ba shi loma ɗaya ba, sun ɗauke masa abin da ya fi karya zuciyar wanda ya ɓata, wato rashin sanin ko wani ya san inda yake.

Ma'auni na biyu shi ne lokaci. Kwana biyu ko uku ba sa nuna komai game da yunwa, lafiyayyen mutum yana iya wuce su bai ci komai ba. Sai an shiga mako na uku, na huɗu, sannan jiki ke fara cin kansa, hankali ya fara gushewa, mutum ya riƙa tashi tsaye jiri na ɗibarsa. Duk shirin da bai kai nan ba, dabaru yake nunawa, bai taɓo yunwa ba.

Gaskiya ne Bear Grylls yana kwana a otal?

An yi haka, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne. Man vs. Wild ya fara fita a tashar Discovery a 2006, a Ingila kuma Channel 4 ke nuna shi da sunan Born Survivor. A 2007 wani masani da ya yi wa shirin aikin ba da shawara ya shaida wa jaridun Ingila cewa a wasu dararen da aka nuna kamar Grylls yana kwance a daji, a masauki yake. Ya ambaci wanda aka ɗauka a Hawayi, inda aka nuna shi kamar ya maƙale a tsibirin da babu kowa, da na tsaunukan Siyera Nebada a Amurka. A can ne kuma aka nuna shi yana ƙoƙarin kama dawakin jeji, ashe dawakin gida ne aka kawo a mota. Akwai kuma wani abin tsallake ruwa da ma'aikata suka fara haɗawa don su tabbatar zai yi iyo, suka wargaza shi, sannan aka ɗauki Grylls yana haɗa shi kamar dabarar ta faɗo masa ne a take.

Bayan tonon sililin, aka sake tace wasu fitowar, aka kuma fara sa sanarwa a farkon shirin cewa Grylls yana samun taimako, kuma ana shirya masa wasu yanayin don ya nuna dabara. Shi ma daga baya ya ba da haƙuri ga waɗanda suka ji an yaudare su.

To kenan bai iya komai ba?

A'a, wannan kuma zalunci ne. Mutumin ya yi aiki a rundunar ko-ta-kwana ta sojojin musamman na Birtaniya, ya karya ƙashin bayansa a 1996 lokacin da lemarsa ta ƙi buɗewa daidai a Afirka, kuma a 1998 ya hau ƙololuwar dutsen Eberes yana ɗan shekara 23. Tsalle-tsallen da yake yi da jikinsa yake yi, ruwan ƙanƙarar da yake faɗawa kuma da gaske yana da sanyi.

Matsalar Man vs. Wild a wurina ta fi batun otal girma. Shirin yana koyar da gaggawa a inda ake buƙatar natsuwa. Kullum mutumin a guje yake: ya tsallake rami, ya sauko ta gefen ruwan da ke kwararowa daga dutse, ya shiga kogon da bai san ƙarshensa ba. Wanda ya ɓata shi kaɗai, in ya gurɗe ƙafa, shi kenan ta ƙare masa. Grylls yana iya yin kasadar ne domin akwai igiya, akwai likita, akwai jirgi mai saukar ungulu. A matsayin nishaɗi kuwa, ba a ja da shi. Ba banza ba Barack Obama ya bi shi dajin Alaska a 2015, Narendra Modi kuma ya fito tare da shi a gandun dajin Jim Corbett na Indiya a 2019.

Me ya sa masu son gaskiya ke yawan ambaton Les Stroud?

Saboda shi ya fara nuna cewa ana iya yin abin ba ayari. Stroud ɗan Kanada ne, Survivorman kuma ya fara fita a 2005. Ana kai shi wuri a bar shi kwana bakwai, da ɗan abin da ke aljihunsa da kyamarori masu nauyin fiye da kilo 20 da shi zai riƙa ɗauka. In ka ga hotonsa yana tafiya har ya ɓace a nesa, ka tuna sai ya dawo ya ɗauki kyamarar, ya sake yin tafiyar. Mai jin yunwa yana taka hanya sau uku don kai ka ga hoto mai kyau.

Abin da na fi so a shirin shi ne ba ya ɓoye gazawa. Yakan ɗana tarko ya wayi gari babu komai. Yakan shafe sa'o'i yana murza itace wuta ta ƙi kamawa. Yakan zauna cikin duhu yana busa ɗan abin busarsa na baki, ya ce maka a fili ya gaji kuma yana kewar gida. Duk da haka ba a yashe yake ɗungurungum ba. Akwai masu ceto a wani sansani da za a iya kira, kuma kafin a fara ɗauka yakan zauna da mutanen yankin su koya masa tsirrai da dabbobin wurin. Bai taɓa musun wannan ba.

Ed Stafford na Ingila, wanda ya bi kogin Amazon da ƙafa daga tushe har bakin teku cikin kwana 860, ya ɗauki wannan salon ya ƙara masa tsawo. Ya zauna kwana 60 shi kaɗai a tsibirin Olorua na ƙasar Fiji, ba wuƙa, ba sutura, sai kyamara.

Ana cewa Alone ya fi kowane gaskiya. Haka ne?

A cikin waɗanda suka shahara, ban ga na biyunsa ba. Tashar History ta fara shi a 2015. Mutum goma, kowa a nasa yankin, ruwa ko tsauni ya raba su. Kowa ya zaɓi kaya goma daga jerin da aka amince da shi: gatari, zarto, tukunya, jakar barci, ƙugiyoyin kamun kifi, kwari da baka, ƙarfen ƙyasta wuta da makamantansu. Kowa shi ke ɗaukar kansa a kyamara. Babu ranar gamawa, babu kuma wanda ya san mutum nawa suka rage. Wanda ya fi daɗewa ya tafi da dala 500,000. Wanda ya gaji ya danna wayar tauraron ɗan adam a zo a ɗauke shi.

A zangon farko, a tsibirin Bankuba na Kanada, akwai wanda bai wuce dare ɗaya ba saboda beyar da ke zagaya tantinsa. Alan Kay ya ci gasar da kwana 56. A zango na uku, a Patagoniya ta Ajantina, Zachary Fowler ya kai kwana 87. A na bakwai aka canza doka, aka ce duk wanda ya cika kwana 100 a gaɓar babban tafkin Great Slave da ke arewacin Kanada zai karɓi dala miliyan ɗaya. Roland Welker ya cika, a cikin ɗakin da ya gina da duwatsu, bayan ya harbi wani san daji mai dogon gashi da kibiya ya ƙarasa shi da wuƙa.

Amma darasin shirin ya fi fitowa a wurin waɗanda suka sha kaye. A zango na uku likitoci sun cire Dave Nessia bayan kwana 73, alhali yana da tarin busasshen kifi a rataye. Tsoron gobe ya hana shi cin na yau, yana ta tattali har jikinsa ya lalace. A wannan zangon ne kuma aka cire Carleigh Fairchild a rana ta 86 don ramar da ta yi ta wuce iyakar da likitoci suka gindaya, alhali ita ba ta ce ta gaji ba. Kwana ɗaya tak ya raba ta da wanda ya ci.

Ko nasarar farauta ba ta raba mutum da yunwa. Jordan Jonas, wanda ya taɓa zama shekaru da makiyayan Ebenki a Saiberiya, ya kashe mus a zango na shida, wata dabba dangin barewa da ta fi doki girma. Kowa ya ce magana ta ƙare. Sai ga wata ƙaramar dabba mai faɗa da ake kira wulbarin ta sace masa kitsen da ya ajiye, ya ci gaba da rama duk da naman da ke gabansa. Dalilin kuwa sananne ne: giram ɗaya na kitse yana ba da kalori 9, na furotin 4 kacal, kuma hanta tana da iyakar furotin da za ta iya sarrafawa a rana. A cikin tsananin sanyi, mai cin jan nama zalla yana iya cika ciki kullum yana ƙarewa. Sai da Jonas ya haɗa da kifin tafki mai maiƙo, kuma ya ci gasar da kwana 77.

Wani abin da zai ba sabon mai kallo mamaki: da yawa ba yunwa ke fitar da su ba, kaɗaici ne. Za ka ga ƙwararren maharbi ya gina ɗaki mai kyau, har da murhu da gado, ranar da aikin ya ƙare ya zauna shiru, sai tunanin 'ya'yansa ya taso masa. Bayan kwana biyu ya ɗauki waya.

Shi Alone ɗin babu inda aka sa masa hannu?

Akwai. Masu shirin ne ke zaɓar wurin da lokacin, kuma galibi ana sauke mutane ne gab da shigowar hunturu don kada gasar ta ƙi ƙarewa. Wuraren ma ba daidai suke ba, wani ya dace da gaɓa mai kifi, wani ya faɗa inda sai duwatsu da iska. Likitoci na zuwa lokaci-lokaci su auna nauyi da bugun jini, a canza batura. Dokokin farauta na yankin suna aiki, don haka akwai dabbar da za ta wuce ta gaban mai jin yunwa ba shi da ikon taɓa ta. Ba a yarda mutum ya yi ƙaura mai nisa ba, alhali mafarautan asali bin abinci suke yi duk inda ya nufa. Sannan ana tace dubban sa'o'in hoto su koma 'yan sa'o'i, mai tacewa kuwa labari yake nema.

Babban bambancin dai shi ne wayar nan. Mai gasa ya san in abu ya ɓaci za a zo. Kuma burinsa ya daɗe a daji, wanda ya ɓata da gaske kuwa burinsa a gan shi yau. Saboda haka ma wasu masu gasar ke ƙara ƙiba da gangan kafin su tafi, suna shiga da guzurinsu a jiki.

Naked and Afraid fa?

Wahalar gaskiya ce a cikin shiri mai kwalliya da yawa. Discovery ta fara shi a 2013: namiji da mace da ba su san juna ba, ba sutura, kwana 21, kowa da abu ɗaya da ya zaɓa, galibi adda ko tukunya ko abin ƙyasta wuta. Daga baya aka yi na rukuni mai kwana 40. Cizon sauro, ƙaya a tafin ƙafa, sanyin dare da ramar da kake gani duk na gaske ne. Akwai wadda ta kamu da zazzaɓin dengi mai tsanani bayan ta dawo daga Panama.

Sai dai da rana akwai masu ɗaukar hoto a tare da su, sarƙar da ke wuyansu makirufo ce, likita kuma yana kusa. Makin ƙwarewa da ake ba kowa a farko da ƙarshe ba shi da wani tushe na ilimi, ado ne na talabijin. Tsiraicin kuwa, ko da ana dusashe hoton, an sa shi ne don jan ido, kuma ya sa shirin ba na kallo tare da yara ba ne. Ana kuma son haɗa mutanen da halinsu bai zo ɗaya ba, don faɗa ya fi saƙar tabarmar ganye kawo masu kallo.

Survivor yana cikin lissafi?

Da ƙyar. Ya samo asali daga wani shirin Suwidin na 1997, Amurka ta fara nata a 2000 a wani tsibiri kusa da Borniyo. Ana jin yunwa, ana shan ruwan sama, amma ƙuri'ar abokan zama ke fitar da mutum, ba daji ba. Wanda ya iya kama kifi bai iya ƙulla ƙawance ba, da wuri ake sallamarsa. Outlast na Netflix, da aka fara a Alaska a 2023, ya gwada haɗa biyun, abin da aka fi tunawa da shi kuwa satar jakunkunan barcin abokan hamayya cikin sanyi.

Duk wanda aka kira ƙwararre a talabijin ƙwararre ne?

Ba dole ba. Dual Survival, da ya fara a 2010, ya haɗa Cody Lundin, malamin dabarun gargajiya daga Arizona mai yawo ba takalmi, da Dave Canterbury. An raba Canterbury da shirin bayan zango na biyu, shi da kansa kuma ya fito ya nemi gafara kan ƙarin gishirin da ya yi a tarihin aikinsa na soja. A 2014 Lundin ma ya bar shirin, ya ce korarsa aka yi saboda saɓani kan lafiya da kariya.

In koyo kake so, nemi Ray Mears. Ba ya gudu, ba ya ihu, ba ya riya cewa ya ɓata. Zai zauna da mutanen da suka gaji zaman dajin kaka da kakanni, ya bar su su nuna, shi kuma ya yi bayani a hankali har ka ga yadda aka riƙe wuƙar. Wasu na cewa shirinsa na sa barci. Ni kam na fi tuna abin da na gani a wurinsa.

Waɗanne dabaru ne bai kamata a kwaikwaya ba?

Shan fitsari na farko. Gishiri da dattin da jiki ya fitar ne, mai ƙishirwa kuma nasa ya fi kauri, ƙara wa ƙoda aiki kawai zai yi. Matse kashin giwa a sha ruwansa, kamar yadda Grylls ya yi a Kenya, hanya ce ta kwasar cuta. Cin ɗanyen nama ko ƙwari alhali akwai wuta ba shi da dalili sai don kyamara. Tsaga wurin saran maciji a tsotse dafin ba ya fitar da komai, ƙara rauni yake yi. Abin yi shi ne a hana gaɓar motsi a nufi asibiti.

Akwai kuma abin da talabijin ba ta iya nunawa. Wasu ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan rafi sai bayan mako ɗaya ko biyu suke tayar da gudawa, lokacin an daɗe da naɗe kyamara. Ka ga mutum ya sha ya miƙe garau, ba ka ga abin da ya biyo baya ba. Tafasa ruwa minti 1 ya isa, minti 3 in ana kan tsaunin da ya wuce mita 2,000.

Shawarar da masu aikin ceto suka fi nanatawa ita ce wadda ba za ta taɓa zama shiri ba: kafin ka tafi ka gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowarka, in ka ɓata kuma ka tsaya wuri ɗaya, ka kare jikinka daga sanyi ko rana, ka yi alamar da za a hango. Wa zai zauna sa'a guda yana kallon mutum a gindin bishiya yana jira?

Ana mutuwa a irin waɗannan shirye-shiryen?

An taɓa yi. Mafi muni shi ne na watan Maris 2015, lokacin ɗaukar wani shirin Faransa mai suna Dropped a lardin La Rioja na Ajantina. Jirage masu saukar ungulu biyu suka yi karo a sama, mutum goma suka rasu, cikinsu har da Camille Muffat mai lambar zinare ta ninƙaya a gasar Olamfik ta 2012, da matuƙiyar jirgin ruwa Florence Arthaud, da ɗan dambe Alexis Vastine. A 2013 kuma wani furodusan Naked and Afraid ya sha saran maciji mai mugun dafi a Kosta Rika yana duba wurin ɗauka, sai da aka yi masa tiyata a ƙafa.

Fitowa daga dajin ma tana da nata hatsarin. Wanda ya daɗe cikin yunwa, in ya afka wa abinci a lokaci guda, sinadaran jininsa na iya rikicewa har zuciya ta tsaya. Shi ya sa ake dawo da masu gasar Alone kan abinci kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin kulawa.

Da wanne zan fara?

In kana son jininka ya motsa, Man vs. Wild, ka kalle shi kamar fim. In kana son ganin abin da yunwa da shiru ke yi wa mutum, fara da zango na shida ko na bakwai na Alone, ko na Ostireliya da aka ɗauka a Tasmaniya aka nuna a 2023, inda Gina Chick ta ci da kwana 67. In hannunka kake so ya koyi wani abu, Mears da Stroud.

Akwai shirin da gaskiyarsa ta yi yawa har ta kashe shi?

Akwai Eden na Channel 4. A 2016 aka kai mutum 23 wani yanki da aka killace a yammacin Sukotilan, su yi shekara guda suna gina al'umma daga tushe, ba waya, ba labarin duniya. Bayan fitowa huɗu masu kallo suka ja baya, tashar ta daina nunawa, ba a kuma gaya wa mutanen da ke ciki ba. Suka ci gaba da fama da ƙwari, yunwa da rigingimu, wasu na ficewa ɗaya bayan ɗaya. Mutum goma suka kai ƙarshe. Da suka fito a watan Maris 2017 suka tarar Birtaniya ta zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai, Donald Trump ya zama shugaban Amurka, shirin nasu kuma ya yi wata bakwai ba ya kan allo.